Daga Harrar Kishb zuwa ɗakin gwaji: matakan da na bi wajen auna shekarun duwatsun ƙarƙashin Saudiyya

Tun da na kammala digirin digirgir a fannin ilimin duwatsu a nan Jidda, ɗalibai 'yan uwana Hausawa, na Najeriya da na Nijar da waɗanda aka haifa a nan, suke aiko mini da tambaya kusan iri ɗaya: ta ina ake fara aikin auna shekarun mantil, wace takarda ake nema, kuma me zai ci na kuɗi da lokaci? Saƙon waya ba ya ɗaukar amsar, shi ya sa na zauna na jero abin da ya faru da ni daki-daki, ko wani ya huta da ruɗanin da na sha.

Ga matsalar a taƙaice. Ɓawon ƙasar da muke takawa a yammacin Saudiyya kaurinsa bai wuce kilomita 40 ba. A ƙarƙashinsa akwai wani dutse kore mai nauyi, mafi yawansa ma'adinin olibin, shi ne mantil. Sashensa na sama ya yi sanyi ya ƙame, ya manne da ɓawon, tare suke tafiya, shi ne saiwar nahiya. Shekarun ɓawon sanannu ne: yankin da masana ke kira Garkuwar Larabawa da Nuba, wanda Bahar Maliya ta fara tsagawa biyu kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, rabi a Saudiyya rabi a gabashin Sudan da Masar da Eritiriya da Habasha, ya samu ne tsakanin shekara miliyan 870 zuwa 550 baya, daga tsibiran aman wuta da suka yi ta karo da juna suna haɗewa. Sai dai a yankin Khida, can gabashin garkuwar, an sami duwatsun da suka kusa shekara biliyan 1.7. To saiwar fa? Tare da ɓawon ta samu, ko kuwa wata tsohuwa ce aka zo aka ɗora sabon ɓawo a kanta? Haƙa ba ta kai wa can, domin rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa, na Kola a Rasha, kilomita 12 ne da ɗan ɗori. Dole sai an jira abin da aman wuta ya ɗauko ya fito da shi.

Matakin farko ofishin malamina ne mai duba aikina. Na shiga da niyyar yin amfani da samariyam da niyodimiyam, sinadarai biyu da ake auna shekarun dutse da su, tun da su na fi sani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce hanyar tana da kyau ga ɓawo, amma a mantil tana da rauni, domin duk wani ruwa ko narkakken dutse da ya ratsa mantil daga baya yana ƙara masa waɗannan sinadarai, sai ka ƙare da auna shekarun baƙon da ya wuce maimakon na mai gida. Ya ce in je in karanta reniyam da osmiyam. Abin da na fahimta bayan makonni ina karatu shi ne: reniyam-187 yana rikiɗa a hankali ya koma osmiyam-187, kuma sai an yi shekara wajen biliyan 42 kafin rabinsa ya rikiɗe. Idan mantil ya narke kaɗan, narkakken ya tashi sama ya zama ɓawo, abin da ya rage kamar tunkuza yake bayan an matse man gyaɗa: reniyam ya bi mai ya tafi, osmiyam ya zauna a tunkuza. Tun da uwar da ke haifar osmiyam-187 ta tafi, adadinsa a kan osmiyam-188, nau'in osmiyam ɗin da yawansa ba ya sauyawa, sai ya tsaya kusan cak daga wannan lokaci, alhali na sauran mantil yana ci gaba da ƙaruwa. Gwargwadon ƙarancin wannan adadi a dutse, gwargwadon daɗewar da ya yi da matsuwa. Richard Walker da abokan aikinsa ne suka kafa wannan lissafi a 1989 a kan duwatsun Afirka ta Kudu, inda aka tabbatar saiwar yankin Kaapvaal ta haura shekara biliyan 2.5. Da wannan na rubuta tsarin bincikena, kwamitin sashe ya zauna ya amince, aka ware mini kuɗin bincike.

Daga nan aka shiga zancen takardu, kuma nan ne na fi ɓata lokaci. Wasiƙa ta fara daga shugaban sashe, ta haura ofishin karatun gaba da digiri, daga can ta fita zuwa ofishin da ke ba da izinin shiga daji da ɗibar samfuri. Duk da Larabci ake rubutawa. Jerin da aka ba ni ya ambaci kwafin iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, da fasfo da taƙaitaccen bayanin bincike kawai, amma da takardar ta isa sai aka dawo da ita a kan sai an saka lambar motar da za a shiga da ita, da sunan duk wanda zai kasance a ciki, da lambobin taswira na wuraren da za a tsaya. Kowace dawowa tana nufin sabon sa hannu tun daga ƙasa. Ana cikin haka azumi ya kama, lokacin aiki ya ragu, sai hutun ƙaramar salla, ba a jima ba aikin hajji ya zo. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san takardar da ba ta fita kafin Sha'aban ba tana iya kai wa Muharram. Na cika da damuwa a lokacin, domin wa'adin tallafin karatu ba ya jiran kowa. Abin da ya amfane ni a wannan zaman jira shi ne zuwa hukumar binciken ƙasa ta Saudiyya da ke nan Jidda, inda na sami taswirorin harrori, wato filayen da ƙamammen dutsen aman wuta ya lulluɓe, da tsoffin rahotanni masu nuna ramukan aman wutar da aka taɓa tsintar baƙin duwatsu, wato gutsuren mantil da suka baƙunci doron ƙasa. Ba kowace harra ke da su ba. Sai wadda narkakken dutsenta ya taso da sauri daga zurfi, cike da iska, ya ɓalle gutsuren mantil ya fito da su cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki kafin su nutse ko su narke. Mun so mu haɗa da Harrar Uwairid da ke wajen Ula, amma tun 2022 tana cikin wuraren da UNESCO ta amince da su a matsayin keɓaɓɓen muhalli, izininta daban ne, sai muka tsaya a kan Kishb da Hutaima.

Kafin mu tashi na je Makka sallama da kawuna, wanda ya shekara da shekaru a can. Da na gaya masa inda za ni, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ai wannan ƙasar wuta ce. Ba ka ji hadisin wutar da za ta fito a Hijaz har ta haskaka wuyan raƙuma a Busra ba?" Na ce, "Na ji, Kawu." Ya tuna mini malamai sun danganta shi da abin da ya faru a shekara ta 654 bayan hijira, wato 1256, lokacin da wuta ta ɓarke a Harrar Rahat dab da Madina. Ya yi mini addu'a, ya ce kada in kuskura in rabu da ayari. Na riƙe wannan, kuma duk mai shiga harra ya riƙe.

Da sanyi muka fita, domin daga Disamba zuwa Fabrairu ne kawai mutum zai iya wuni a kan baƙin dutse. Mota biyu muka yi, kowace da tayar safaya biyu, saboda tsinin basalt, baƙin dutsen aman wutar da ya rufe harra, yana yanka taya ba sani ba sabo, kuma akwai wuraren da waya ba ta kamawa ko kaɗan. Kuɗin hayar mota da mai da direba da ruwan sha ya ci kaso mai tsoka, amma bai kai na ɗakin gwaji ba. A Kishb muka fara da ramin Wahba, mai faɗin kusan kilomita 2 da zurfin wajen mita 250, gindinsa fari fat da gishiri. Narkakken dutse ne ya haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa suka fashe, shekara miliyan 1 da ɗan wani abu da suka wuce. Daga baya muka nausa arewa zuwa Hutaima, kusa da Ha'il, inda baƙin duwatsun suka fi yawa. Ranar da na fara fasa wani dunƙule baƙi ƙirin na ga cikinsa kore shar yana walƙiya, sai da na zauna a ƙasa. Abin da ke hannuna ya fito ne daga zurfin kilomita 40 zuwa 70, inda ba mahalukin da ya taɓa zuwa. Amma murna ba ta zaɓen samfuri. Malamina ya sa mun zubar da fiye da rabin abin da muka tara a ranar farko: wanda ya yi ja ya riga ya ruɓe, wanda ke marmashewa a hannu iska da ruwa sun gama da shi, wanda bai kai dunƙulen hannu girma ba kuwa, idan aka yanke gefensa da ya taɓa basalt ba abin da zai rage. Kowane dutse da ya tsira an ba shi lamba a jikinsa da jikin jakarsa, an rubuta lambar taswira, an ɗauki hoto da guduma a gefe don a ga girmansa.

Da muka dawo Jidda sai ɗakin yanka. Ma'aikacin da ke can wani dattijo ne Bahaushen Sudan, asalinsa Mai Wurno a gaɓar kogin Nilu kusa da Sinnar, kuma daga ranar da ya ji na amsa waya da Hausa muka zama kamar uba da ɗa. Shi ya koya mini raba kowane dutse uku: kashi ɗaya na yanka, ɗaya na niƙa, ɗaya na ajiya da ba a taɓawa. Ana manna ɓallin dutse a gilashi a goge shi har kaurinsa ya koma maikuron 30, wato kashi 3 cikin ɗari na milimita, yadda haske zai ratsa. Feridotait, wato koren dutsen mantil ɗin, yana da wuyar sha'ani saboda ƙwayoyinsa suna zubewa, sai an fara shayar da shi gam ya kwana. Na taɓa cewa, "Baba, ba za a iya hanzartawa ba?" Ya ce, "Yaro, in na hanzarta, ramuka za ka gani a madubi maimakon abin da kake nema." Gaskiyarsa, domin abin da nake nema shi ne 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin salfayid, waɗanda kusan duk osmiyam ɗin dutsen yana cikinsu, kuma su ne farkon fita idan aka goge da gaggawa. A ƙarƙashin madubin ƙara girma na ga yawancin samfurorina ba su da salfayid sosai, wasu kuma ya riga ya koma tsatsa. Wannan sanannen ciwo ne na baƙin duwatsun da basalt ya ɗauko, saɓanin na kimbalait, dutsen aman wutar da ake samun lu'ulu'u a cikinsa. Daga nan na yi layin na'urar auna sinadaran ma'adinai, wadda ake kama wuri a kanta tun makonni kafin lokaci. Ta nuna olibin ɗina yana da magniziyam tsakanin kashi 89 zuwa 91 cikin ɗari idan aka gwada da ƙarfe, ba 92 zuwa 93 irin na tsoffin saiwoyin Afirka ta Kudu da Saberiya ba. Tun a nan na fara sanin ba tsohon biliyan 3 nake riƙe da shi ba. Sannan aka auna alminiyam a garin kowane dutse, domin shi ma yana bin narkakke ya tafi, ƙarancinsa alama ce ta yawan matsuwa. Da waɗannan biyun na zaɓi waɗanda suka cancanci a kashe musu kuɗi, daga mai yawan alminiyam har zuwa mafi ƙaranci.

Niƙa kuwa aiki ne na tsafta tsantsa. Osmiyam a irin wannan dutse bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin biliyan ba, reniyam kuma bai kai ko kashi 1 ba, don haka ɗan ɓurɓushin ƙarfe daga zarto ko injin niƙa ya isa ya ɓata komai. Na goge duk inda zarto ya taɓa, na naɗe dutsen a leda mai kauri kafin in fasa shi, na niƙa a turmin aƙiƙ, ina wanke shi da niƙa farin yashi tsakanin kowane samfuri da na gaba. Zobe da agogo a waje ake barinsu. Kuma a niƙa da yawa, gram 100 ko fiye, ko da gram 1 ko 2 za a auna, saboda osmiyam ba ya bazuwa daidai a cikin dutse, a dunƙule yake nan da can.

Na'urar da nake bukata da ɗakin da aka keɓe wa osmiyam ban same su kusa ba, sai a wani ɗakin gwaji a Turai da malamina ke da abokin aiki. Zaɓi biyu aka ba ni: in aika gari su auna su turo lambobi, ko in je da kaina a koya mini. Na biyun ya fi tsada, amma shi na zaɓa, kuma shi nake ba kowa shawara in da hali. Sai wata sabuwar zirga-zirga: wasiƙar gayyata daga can, wasiƙar jami'a mai bayyana cewa garin dutse ne na bincike ba na sayarwa ba, izinin fitar da samfuri, takardar kwastan, bizar ƙasar da za ni, da bizar fita da dawowa wadda sai ta hannun jami'a take fitowa tun da ita ce kafilina. A tabbata iƙama tana da sauran wa'adi mai tsawo kafin a nemi ko ɗaya. Farin gari ko kore a ƙananan kwalabe abu ne da dole ma'aikacin filin jirgi ya tsaya a kansa, ni ma an tsayar da ni an buɗe, wasiƙar jami'a mai hatimi da Larabci da Turanci ce ta sallame ni. Ɗakin gwajin kan kowane samfuri yake caji, kuma maimaita awon samfuri da bututun wofi, wanda ake aunawa ba samfuri a ciki, su ma ana biya, abin da ban gani a ƙiyasin farko da aka aiko ba. Fiye da rabin kuɗin bincikena a nan ya tafi.

A ɗakin gwajin sai da na yi kwanaki ina kallo kawai kafin a bar ni in taɓa komai. Hanyar ita ce wadda Steven Shirey da Walker suka bayyana a 1995. Ana auna gari a zuba a wani bututun gilashi mai kauri, a ɗiga masa ruwan awo mai ɗauke da osmiyam-190 da reniyam-185 waɗanda aka san adadinsu, domin da su za a gane yawan na dutsen. A daskarar da gindin bututun a ƙanƙara mai tsananin sanyi, a zuba asid iri biyu, naitirik da haidirokulorik, a narka bakin gilashin da wuta a liƙe shi ruf. Sannan a sa shi cikin kwanson ƙarfe, a kai murhu mai zafin digiri 240 ko sama, ya yi kwana biyu zuwa uku. Dalilin liƙewar shi ne osmiyam idan ya haɗu da asid mai ƙarfi yana komawa tururi, tururi mai guba kuma, in akwai ƙofa ko ta allura ce zai gudu. Liƙe bututun shi ya fi ba ni tsoro, hannu na rawa wuta na huci. Ɗaya daga cikin bututaina ya fashe a murhu, kwanson ƙarfe ya tare, samfurin ya tafi. Mai koya mini ta ce hakan na faruwa ga kowa, shi ya sa ake zuwa da gari fiye da bukata. Bayan an huce an sake daskarewa ana fasa wuyan bututun, a janye osmiyam da kulorofom, a mayar da shi cikin asid haidiroburomik, a busar. Sai tacewa ta ƙarshe a wata 'yar kwalbar roba mai tsinin gindi da ake kifewa: samfuri a murfi, ɗigon asid ɗaya a maƙale a tsini, tururin osmiyam ya tashi ya shige ɗigon. Aikin shekara guda, daga Wahba har nan, ya koma ɗigo ɗaya da ƙyar ido ke gani. Ana ɗora shi a siririn zaren filatinam, a rufe da ɗan sinadarin bariyam, a saka a na'urar tantance nauyin ƙwayoyin zarra, wadda ke auna osmiyam a haɗe da iskar oksijin, dabarar da aka fito da ita a 1991. Reniyam kuma daga sauran asid ɗin ake tace shi a auna a wata na'urar. Kowane rukuni yana tafiya da bututun wofi don a san dattin da ɗakin ya ƙara, da wani sanannen dutse na Faransa mai suna UB-N wanda kowa ya san amsarsa. In amsarsa ta kauce, rukunin duka abin zargi ne. Lokacin hunturu ne, rana gajera, azahar da la'asar da magariba duk a cikin lokacin aiki suke faɗowa, sai na tsara zuba asid da kashe murhu a tsakaninsu.

Na dawo Jidda da lambobi ina zaton an gama, ashe nan ne wuyar take. Bari in ba da misali da lissafi. A ce dutse ya ba da 0.110 a matsayin osmiyam-187 a kan 188. In aka gwada shi da 0.127, adadin da ake ɗauka daga duwatsun da ke faɗowa daga sama a matsayin na mantil ɗin yau, zai ba da shekara kusan biliyan 2.5, kuma ko wane ma'auni aka ɗauka dai tsoho ne. Amma a ce ya ba da 0.122. Da wancan ma'auni shekara miliyan 740 ke nan, daidai da shekarun garkuwar. In kuwa aka ɗauki 0.1296, adadin da Meisel da abokansa suka fitar a 2001 daga duwatsun mantil kansu, dutsen nan dai zai haura biliyan 1, ya girmi ɓawon da ke kansa. Bambancin shekara miliyan 300 daga zaɓin ma'auni kawai, ba daga dutse ba. A Kaapvaal wannan ba ya sauya labari, a Saudiyya kuwa shi ne labarin gaba ɗaya. Bayan haka lissafin yana ɗauka cewa reniyam ya fita duka lokacin narkewa, alhali a dutsen da bai matsu sosai ba akwai saura da ya ci gaba da haihuwa, don haka lambar da ta fito mafi ƙarancin shekaru ce, ba ainihinsu ba. Abin da masana ke yi, bin sawun Reisberg da Lorand a 1995, shi ne jera adadin osmiyam a kan alminiyam, in sun hau layi a bi layin zuwa inda alminiyam ya kusa ƙarewa. Nawa sun hau layi, amma a warwatse. Yawancinsu sun dace da saiwar da ta samu tare da garkuwar, 'yan kaɗan suka nuna tsufa fiye da haka. Raina ya so in ɗaga waɗannan 'yan kaɗan in ce na gano tsohuwar nahiya a ƙarƙashin Ha'il. Malamina ya ce, "Je ka karanta na ƙasan teku tukuna." Na karanta, na tarar an sami duwatsun mantil masu nuna shekara biliyan 2 a tsakiyar tekun Atilantika da na Aktik, inda babu wata nahiya. Mantil mai gudana yana ɗauke da tsoffin gutsure a cikinsa, kuma sabuwar saiwa tana iya haɗiye su lokacin da take ƙamewa. Don haka na rubuta abin da lambobin za su iya ɗauka kawai, na faɗi ma'aunin da na yi amfani da shi, na kawo lissafin ɗayan a gefensa. A ranar kare aiki, tambayar farko da mai jarrabawa na waje ya yi a kan wannan zaɓin ma'auni ce.

Wanda zai bi wannan hanya, ina ganin ya fara neman izini tun ranar da aka amince da tsarinsa, ya duba kalandar hijira ba ta miladiyya kaɗai ba, ya saka duk wani bayani da ake iya tambaya tun a wasiƙar farko. Ya rubuta wa ɗakin gwaji tun kafin ya shiga daji, ya tambayi farashi da maimaici da wofi a ciki, ya kama layi. Ya kashe lokacinsa a kan madubi da awon alminiyam, waɗanda ba su da tsada, kafin ya kashe kuɗinsa a kan osmiyam, domin samfuri goma da aka zaɓa da hujja sun fi talatin da aka kwaso. In kuɗi ya isa, a auna sauran dangin filatinam, iridiyam da rutiniyam da faladiyam, daga bututu guda, su ne ke tona ko an taɓa dutsen bayan matsuwarsa. Ni kuɗina bai kai nan ba ga dukkan samfurori, kuma nan ne aikina ya fi rauni. Kada kuma wanda ke karatu a gida ya ɗauka sai Saudiyya: basalt na tsaunukan Biu da na Jos yana ɗauke da irin waɗannan baƙin duwatsu, kuma Baba ya sha ba ni labarin ramukan aman wutar hamadar Bayuda a arewacin Khartum, yana fatan yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ƙare ɗalibai su koma can.

Kashin ajiya na kowane dutse, da sauran gari, da gilasan yanka, da littafin daji mai lambobin taswira, na miƙa su ga ma'ajiyar sashe da takardar karɓa, na bar kwafin jerin a wurin malamina. Ɗaliba ɗaya ta riga ta nemi gilasan domin ta auna ƙwayoyin salfayid ɗai-ɗai da hasken leza, hanyar da ke iya raba tsohon salfayid da ke kulle cikin olibin da sabon da ya shigo ta tsagogi. Takardar izininta ba ta bukatar shiga daji, don haka tana sa ran fara awo kafin azumi mai zuwa.